Yadda ake binciken iskar radon a ginin makaranta a Jos

Radon iska ce da ke fitowa daga ƙasa. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma ba ta sa tari ko ciwon kai da zai sa mutum ya farga. Asalinta yuraniyom ne da ke cikin duwatsu, wanda ke rikiɗa sannu a hankali ya zama radiyom, shi kuma radiyom ya haifar da radon. A fili iska tana kwashe ta. A rufaffen ɗaki kuwa taruwa take yi, kuma wanda ya yi shekaru yana shaƙarta, burbushin da take bari a huhu yana iya jawo masa sankarar huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa radon ce ke haddasa kashi 3 zuwa 14 cikin 100 na sankarar huhu, gwargwadon ƙasa, kuma haɗarin ya fi tsanani ga mai shan taba.

Mu a Jos muna da dalilai uku na kula da wannan batu. Garin yana zaune a kan dutsen giranit, wanda ya fi yawancin duwatsu yuraniyom da toriyom. Haƙar kuza da aka yi tun farkon ƙarni na 20 ta bar tarin yashi a Bukuru, Rayfield, Bisichi, Barikin Ladi da kewayensu, kuma wannan yashi ya shiga cikon gine-gine da bulo da yaɓe. Na uku shi ne sanyi. Tsayin garin daga matakin teku ya kai kusan mita 1,200, don haka daga Disamba zuwa Fabrairu ana rufe tagogi ruf, a wasu ɗakunan kwanan ɗalibai har da cusa tsumma a ƙasan ƙofa.

Ana auna radon da bekarel a kowace mita kubik ta iska, ana rubuta shi Bq/m³. A fili yakan tsaya tsakanin 5 da 15. A littafin jagorar da ta fitar a 2009, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada matsakaicin shekara a cikin ɗaki ya wuce 100, inda hakan bai yiwu ba kuma kada ya haura 300. Idan na'urarka ta Amurka ce tana nuna pCi/L, ka ninka lambar sau 37. Iyakar da Amurkawa ke ɗaukar mataki a kanta, wato 4 pCi/L, daidai take da 148 Bq/m³.

Kayan aiki

- Kwanukan gwaji masu fallen roba na musamman da ake kira CR-39. Ƙananan kwanukan roba ne da ke shiga tafin hannu, ba sa buƙatar wuta ko batir. Ana rataye su wata uku, sannan a kai ɗakin gwaji a ƙirga zanen da radon ta bari a jikin fallen. Su ne ginshiƙin aikin.
- Na'urar da ke karantawa awa bayan awa, irin su RadonEye ko Airthings. Idan an samu babba kamar RAD7 ko AlphaGUARD, ya fi.
- Na'urar auna radiyeshan ta hannu, don duba bango da daɓe.
- Zanen ginin, ko takarda da biro ka zana da kanka.
- Turaren tsinke da ashana, tocila, tef na awo, zare mai ƙarfi, salatif, alƙalamin maka, da littafin rubuta bayanai.
- Don mataki na shida: injin huda kankare, injin zuƙe ƙura, da ɗan siminti na toshe ramuka.

Idan makaranta ba ta da hanyar samun waɗannan, wuraren da ake fara tambaya su ne sashen fiziks na Jami'ar Jos, da cibiyar binciken makamashi ta CERT da ke Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da hukumar NNRA mai kula da harkokin nukiliya wadda hedikwatarta ke Abuja. Akwai kuma kamfanonin waje da ke aiko kwanukan tare da kuɗin karantawa a ciki.

Gargaɗi biyu kafin a kashe kuɗi. Na'urar radiyeshan ta hannu, wadda ke ƙara idan an kusanta ta da dutse, ba ta auna radon a iska, komai abin da mai sayarwa zai faɗa maka. Sannan ka guji gwangwanin gawayi na kwana 2 zuwa 7 idan ɗakin gwajin yana nesa. Rabin radon ɗin da gawayin ya kama yana ɓacewa duk bayan kwana 3.8, laima kuma tana ɓata shi, kafin ya isa inda za a karanta sakamakon ya lalace.

1. Zauna da masu makaranta tukuna

Ka samu shugaban makaranta, da malamin kimiyya, da mai kula da ɗakunan kwana, da maigadi, da masu shara. Ka nuna musu kwanon a hannu, su taɓa, su ga ba ya fitar da komai. Washegari a yi wa ɗalibai bayani a taron safe. Wannan garin ya ga abubuwa, baƙin abu rataye a aji ba tare da bayani ba zai iya tayar da hankali, wani ya ce kyamara ce, wani ya ce asiri ne, wani ya cire ya jefar. A sanar da ƙungiyar iyaye da malamai tun farko, a gaya musu gwaji ake yi, ba a riga an gano wata matsala ba, kuma za a nuna musu sakamako ko mai daɗi ne ko akasin haka.

2. Zagaya ginin ka zana shi

Ka ba kowane ɗaki lamba a zanenka. A kowanne ka rubuta irin daɓensa, ko kankare ne, ko tayil, ko siminti siriri a kan ƙasa. Ka rubuta yawan tagogi da nawa ne ke buɗuwa da gaske, domin tagar da aka buga wa katako saboda gilashi ya fashe ta zama bango. Ka rubuta su wa ke zama a ɗakin, awa nawa, da rana ko da dare.

Ka nemi dattijon ma'aikaci ko birkilan da ya yi ginin, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka tambaye shi: Baba, daga ina aka ɗebo cikon nan? Yashin bulo na rafi ne ko na wurin wankin kuza? An shimfiɗa leda kafin a zuba kankaren ƙasa? Akwai tsohuwar rijiya ko ramin haƙa da aka cike a filin? Amsoshinsa za su rage maka aikin makonni.

A abin da na gani, ajin da ke da tagogi a ɓangarori biyu kuma suke buɗe duk yini ba kasafai yake ba da matsala ba. Ɗakunan da ya kamata ka sa wa ido su ne ɗakin kwanan ɗalibai, ɗakin kwamfuta da aka rufe aka sa wa na'urar sanyaya ɗaki, ofishin shugaba, laburare, ɗakin shan magani, gidajen malamai, da duk ɗakin da bayansa ya jingina da tudu ko aka sassaƙa gangare aka zaunar da shi. Ɗakin kwana ya fi damuna a cikinsu, saboda yaro yana yin awa takwas ko tara a ciki, a daidai lokacin da radon ta fi taruwa, shekara shida a jere.

3. Rataya kwanukan

Kowane ɗakin ƙasa da ake zama a ciki ya samu kwanonsa. Kada ka auna aji ɗaya ka yanke wa maƙwabcinsa hukunci, ɗakuna biyu masu bango ɗaya suna iya bambanta sau uku ko fiye, saboda tsaga ɗaya a daɓe. A benaye na sama ɗaki ɗaya cikin goma ya wadatar. Babban zauren taro ko ɗakin cin abinci, kwano ɗaya ga kowace murabba'in mita 200 ko ƙasa da haka. Idan kuɗi bai kai ba, ka fara da ɗakunan da na lissafa a sama, ka ƙara aji ɗaya daga kowane jerin gini.

Inda za a rataye shi: aƙalla santimita 50 sama da daɓe, mita ɗaya daga taga da ƙofa, nesa da fanka da bakin na'urar sanyaya ɗaki, kuma inda rana ba ta dukansa. A makaranta na fi son a sauko da shi da zare daga silin zuwa tsayin da hannun yaro ba ya kaiwa, kusan mita biyu. Ban da kicin, ban da banɗaki, ban da cikin kabad ko durowa.

Nisa daga bango yana da muhimmanci na musamman a nan Filato. Yashin kuza yana ɗauke da ma'adanai masu toriyom irin su monazayit, shi kuma toriyom yana fitar da wata 'yar'uwar radon da ake kira toron. Rabinta yana ɓacewa cikin daƙiƙa 56, don haka ba ta yin nisa da bangon da ta fito daga gare shi. Kwanon da aka manna a bango yana iya ɗaukar toron ya ba ka lambar da ba ita ce yara ke shaƙa a tsakiyar aji ba. Ka bar aƙalla santimita 30, idan ka samu rabin mita ya fi.

A cikin kowane ɗaki goma, ɗaya ka rataya masa kwanuka biyu gefe da gefe. A cikin kowane kwano ashirin, ka bar ɗaya a rufe cikin jakarsa, ya yi tafiya tare da sauran zuwa ɗakin gwaji ba tare da an gaya musu wanne ne ba. Da waɗannan za ka gane ko sakamakon abin dogaro ne. Ka rubuta lambar kwano, lambar ɗaki, rana da awar da ka buɗe jaka.

Game da lokaci, wata uku cikin zangon karatu ake so, ginin yana aiki yadda ya saba. Zango na biyu, daga Janairu zuwa farkon Afrilu, yana kama sanyi. Idan hali ya yi, a maimaita da damina, domin ruwa yana toshe ƙofofin ƙasar da ke waje, radon ta karkata zuwa busasshiyar ƙasar da ke ƙarƙashin gini. Matsakaicin biyun ya fi kusa da gaskiyar shekara. Kada gwajin ya haɗa da dogon hutu, ɗakin da ya yi mako shida a kulle zai ba da lambar da ba wanda ya shaƙa. Kada kuma a canza ɗabi'a saboda gwaji. Akan samu malamin da zai riƙa buɗe tagogi fiye da kullum don ajinsa ya fita da kyau, ka roƙe shi ya bar komai yadda yake.

Ka leƙa duk mako biyu ka tabbatar suna nan. Ranar cirewa, kowanne ya koma jakarsa a liƙe bakin sosai nan take, a rubuta rana, a aika cikin mako ɗaya ko biyu. Kwanon da aka bari a buɗe a ofis yana ci gaba da ƙirga iskar ofis.

4. Karanta sakamako

Fara da kwanukan da ba a buɗe ba, ya kamata su nuna kusan sifili. Sai tagwayen: idan lambobinsu manya ne kuma sun bambanta da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu, ka tuntuɓi ɗakin gwajin kafin ka gaya wa kowa komai.

Ka rubuta lambobin a kan zanen ginin, kowace a ɗakinta. A nan ne hoto ke fitowa: ko matsalar ta taru a gefen da ke jikin tudu, ko a sabon ginin da aka yi wa ciko daban, ko ɗaki ɗaya ne tak.

Ƙasa da 100, a bar ɗakin. Daga 100 zuwa 300, a bincika a yi gyara mai sauƙi. Sama da 300, gyara ya zama dole cikin watanni kaɗan. Idan lamba ta doshi 1,000 a ɗakin da ake kwana, shawarata a mayar da yaran wani ɗaki tun kafin a gama bincike. Ka yi wa iyaye bayani cewa illar radon ta dogon zama ce, kwana ɗaya ko mako ɗaya ba sa kawo ciwo, don haka babu dalilin rufe makaranta ko kwashe yara a firgice.

5. Gano lokacin da take taruwa

Kwanon wata uku yana haɗa dare da rana, da ranakun hutun mako. Don haka duk ɗakin da ya wuce 100, ka ajiye masa na'ura mai karanta awa-awa na cikakken mako guda, ka yi watsi da awannin farko kafin ta daidaita. A ce aji ya nuna 220. Na'ura ta nuna cewa a awa takwas na karatu yana kan 60, a sauran awa goma sha shida da yake kulle yana kan 300. Wannan ajin buɗe tagogi rabin awa kafin yara su shiga zai wadatar da shi. Amma ɗakin kwana mai irin waɗannan lambobi, 300 ɗin nan ita ce rabon yaran, kuma shi ya kamata a fara gyarawa.

Idan babu wannan na'ura, ka ɗauki lambar kwanon yadda take, ka fifita ɗakunan da ake kwana a ciki.

6. Gano ta inda take shigowa

Gini yana zuƙo iska daga ƙasa. Iskar ciki ta fi ta waje ɗumi, musamman da dare a lokacin sanyi, sai ta tashi ta fita ta sama, ta bar gurbin da iskar ƙarƙashin daɓe ke cikewa, kamar yadda murhu ke jan iska ta bakinsa idan wuta na ci. Aikinka shi ne gano ƙofofin.

Ka zo da sassafe, ɗakin ya kwana a rufe. Ka kashe fanka. Ka kunna turaren tsinke ka bi da shi a hankali kusa da tsagogin daɓe, da layin da daɓe ya haɗu da bango, da kewayen bututun ruwa da na waya, da soket na ƙasa-ƙasa, da magudanar da ke cikin ɗaki. Inda hayaƙi ya karkace yana gudu daga tsagar, iska ce ke fitowa. Ka yi alama da alli. Bulo mai rami yana ɗaukar iska daga harsashi ya kai ta sama, shi ya sa soket da wurin da yaɓe ya zube suke da muhimmanci. Magudanar da ba ta da lanƙwasar da ruwa ke tsayawa a ciki, ko wadda ruwanta ya bushe, hanya ce kai tsaye daga sokawe zuwa ɗaki.

Idan kana da RAD7, ka sa bakin tiyonta a kowace alama na mintuna kaɗan. Lambar da za ka gani a bakin tsaga tana iya kai dubbai, kada ta razana ka, iskar ƙasa ce kafin ta gauraya da ta ɗaki. Kwatanta tsaga da tsaga kawai ake yi da ita, ba a sa ta a rahoton iyaye.

Sai ka bi bango da daɓe da na'urar radiyeshan ta hannu, ka kwatanta da abin da ta nuna a filin makaranta nesa da gini. Bangon da ya ninka na waje sau biyu ko uku alama ce ta yashin kuza a bulo ko yaɓe. Wannan ya wuce aikin buɗe taga, a kira masana su ɗauki samfuri su auna, kuma a sanar da NNRA.

Ruwan burtsatse da aka haƙa cikin giranit yana iya ɗauke da radon, amma abin da yake ƙara wa ma'aunin iskar gida kusan kashi ɗaya ne kawai cikin 10,000 na ma'aunin da ke cikin ruwan. Ka damu da shi ne idan akwai wurin wanka a rufe a cikin ɗakin kwana. Tankin sama mai hanyar shan iska, wanda ruwa ke kwana a ciki, yana rage radon ɗin.

Gwaji na ƙarshe na ɗakin da ake tunanin sa wa fankar zuƙo radon daga ƙarƙashin daɓe ne, wadda bayaninta ke mataki na bakwai. Bayan ka tabbatar babu bututu ko waya a wurin, ka huda daɓe rami mai faɗin santimita uku kusa da bangon waje, ka huda ƙananan ramuka a kusurwoyin ɗakin. Ka sa bakin injin zuƙe ƙura a babban ramin ka toshe gefensa da tsumma, shi kuma injin ya zauna a waje don kada ya hura radon cikin ɗaki. Ka kai turare bakin kowane ƙaramin rami. Idan hayaƙi ya nutse ciki, iska tana tafiya a ƙarƙashin daɓen, rami ɗaya da fanka ɗaya za su isa. Idan bai motsa ba, cikon ya danne sosai, kamar yadda jar ƙasar da aka daddaɓe take yi, za a buƙaci wurin zuƙa fiye da ɗaya. Ka toshe duk ramukan da siminti kafin ka tafi.

7. Gyara daga mai sauƙi zuwa mai tsada

Fara da iska. A gyara tagogin da suka maƙale, a sa ragar sauro mai kyau don yara su yarda su bar su a buɗe, a buɗe ƙananan hanyoyin iska a ƙasan bango da samansa a ɓangarori biyu. A ɗakin kwana kada a ce yara su kwana cikin sanyin Janairu da taga wangale, ba za su yi ba, da an kashe fitila za su rufe. Hanyar iska ta dindindin a sama da kawunansu, da ƙarin bargo, sun fi umarni aiki. Ɗakin kwamfuta yana buƙatar fanka mai turo iskar waje ciki, domin na'urar sanyaya ɗaki irin wadda ake liƙawa a bango iskar ɗakin kawai take juyawa. Kada a sa fanka mai fitar da iska ita kaɗai a rufaffen ɗaki, za ta ƙara jawo radon daga ƙasa.

Sai toshewa. A faɗaɗa tsaga, a share ƙura, a cika da danƙon gini mai talewa, domin siminti zalla zai sake tsagewa. A yaɓe bulon da ke tsirara a shafa masa fenti, wannan yana rage toron sosai. Toshewa kaɗai ba kasafai take sauko da babbar lamba ba, tana taimaka wa sauran gyare-gyaren ne.

Ɗakin da ya wuce 300 kuma iska ba ta sauko da shi ba, a yi masa ramin zuƙa. Ana huda daɓe ko harsashi daga waje, a kwashe ƙasa kimanin bokiti ɗaya a ƙarƙashi, a sa bututun roba mai inci huɗu, a liƙe kewayensa, a hau da shi ta wajen bango har ya wuce rufi, nesa da tagogi. Fankar tana zama a jikin bututun a waje, kuma dole ta yi aiki dare da rana, don haka a haɗa ta da sola da batir. Inda babu kuɗin fanka, a hau da bututun miƙe, a shafa masa baƙin fenti don rana ta ɗumama shi, a sa masa hula mai juyawa da iska. Ƙarfinsa bai kai na fanka ba, amma daga baya ana iya ƙara ta a kan bututun nan.

Idan makarantar tana shirin sabon gini, a hana yashin kuza shiga filin, a zuba tsakuwa a ƙarƙashin kankare, a shimfiɗa leda mai kauri a liƙe mahaɗanta, a binne bututun tun lokacin.

8. Sake aunawa

Bayan gyara da kwana ɗaya ko biyu, ka mayar da na'urar awa-awa na mako guda, sannan ka rataya sabon kwano a daidai wurin da na farko ya zauna, wata uku, a irin yanayin da aka yi gwajin farko. Ka auna maƙwabtan ɗakin ma, wani lokaci gyaran ɗaki ɗaya yana canza yadda iska ke tafiya a ƙarƙashin jerin duka. Ɗakin da ke da fanka a sake auna shi duk shekara biyu, sauran duk shekara biyar, ko kuma duk lokacin da aka canza tagogi zuwa na almini masu rufewa gam, ko aka sa na'urar sanyaya ɗaki, ko aka mai da sito ɗakin kwana. Ka bar wa shugaban makaranta kwafin zanen da lambobin da ranakun a fayil ɗin ginin, ka ba ƙungiyar iyaye da malamai kwafi ɗaya, sannan a ɗora wa mutum guda, da sunansa a rubuce, alhakin duba fankar kowace Litinin.